Falwaya Ta Miƙe, Shago Ya Karkace

Mai Hoto bai taɓa riƙe mutum a zuciya ba, amma tsakaninsa da wayoyin wuta ko gaisuwa babu. Tun ranar da ya fara rataya kyamara a wuya suke shiga masa hanci. Ka jera iyali a ƙofar gida, ka gyara wa wannan kwalar riga, ka roƙi wancan ya daina runtse ido, rana ta sauko daidai inda kake so, kana leƙawa sai ka ga baƙaƙen wayoyi sun keta sama ta bisa kawunansu kamar igiyoyin shanya. Falwaya kuwa, wato turken da ke ɗauke da wayoyin, ba ta da wurin tsayawa sai bayan mutumin da ya fi kowa muhimmanci, ta yadda in hoto ya fito za ka rantse daga tsakar kansa ta tsiro.

Da farko dabara yake yi musu. Ya durƙusa, ya hau benci, ya kwanta rub da ciki a bakin kwata, wani lokacin ya kwashe mutane zuwa tsallaken titi su tsaya a ƙofar gidan da ba nasu ba. Da kwamfuta ta zo sai ya samu abin da ya daɗe yana nema. Yakan zauna a ɗan shagonsa, harshe tsakanin haƙora, yana bin wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana gogewa har sai sama ta fito fes. Duk wanda ya ga unguwar a hotunansa zai ɗauka ba a taɓa jin labarin lantarki a cikinta ba, kuma in za a bi ta yawan zuwan wutar, ba wata babbar ƙarya ya yi ba.

Da mutane suka ga ya iya ɓatar da falwaya, sai suka fara kawo masa wasu buƙatun. Wannan a rage masa tumbi, waccan a cire mata ƙawar da suka yi faɗa. Yana yi musu, yana kuma bugun ƙirji cewa ba a haifi mai gane inda hannunsa ya bi ba.

Mutum ɗaya ce ba ta taɓa yaba wannan gwaninta ba, ita ce yayarsa. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har yanzu da furfura ta cinye masa rabin gemu, Auta take ce masa a gaban kowa. Shagonta yana bakin layin, ɗaki ɗaya ne da marigayi mijinta ya gina da hannunsa. Zare take sayarwa, da maɓallai, da zif, da allurai, da duk wani ƙaramin abu da tela kan tuna da shi bayan ya riga ya yanka yadi. A nan take wuni, da shi take rufa wa kanta asiri, kuma ba ta da wani abu a duniya da za ta nuna ta ce nata ne in ba shi ba.

Dab da ƙofar shagon akwai wata falwayar siminti. Shekarun baya wata babbar mota ta ja da baya ta tunkuɗe ta, tun daga nan ta fara sunkuyawa, kowace damina tana ƙara kaɗan. Yanzu kanta ya zo saitin rufin shagon, wayoyinta sun sauko har sai dogon mutum ya duƙa kafin ya shiga. In iska ta taso, wayoyin su dinga gogar kwano da wata ƙara mai sa haƙora tsami. Yaya takan ɗaga kai ta dubi rufin, ta ci gaba da jera zare, amma ta daina barin jikokinta su zauna a ciki.

Ta je ofishin kamfanin wuta da kanta, da ciwon gwiwarta da komai. Aka ce mata ba a tura ma'aikata a kan an ce ka ce, ta kawo hoto. Shi ya sa ta aika aka kira mata ƙaninta.

"Auta, ka ɗauki duniya hoto. Yau ka ɗaukar mini wannan abar," in ji ta. "Kada ka gyara komai. Yadda take nake so su gan ta."

Maganar ta sosa masa rai. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana korar falwaya daga hoto, yau shi aka ce ya sa ta a tsakiya kamar wata babbar baƙuwa. Amma ba ya yi wa Yaya musu. Ya dai ce a bari rana ta yi sanyi, don ko falwaya ce ba zai ɗauke ta a mummunan haske ba, sunansa ne zai hau bayan hoton.

Da yamma ya tsaya a tsallaken titi ya ɗaga kyamara. To, akwai wata ɗabi'a da duk wanda ya daɗe a sana'ar yake da ita. Da zarar ya leƙa, idonsa zai nemi abin da ya fi komai tsawo a gabansa, hannunsa kuma ya daidaita gefen hoton da shi don kada hoton ya fito a karkace. Hannu ba ya neman izini kafin ya yi haka, kamar yadda ƙafa ba ta tambaya kafin ta kauce wa rami. Abin da ya fi komai tsawo a gaban Mai Hoto ranar kuwa falwaya ce. Ya dinga juya kyamarar a hankali har sai da ya ji hankalinsa ya kwanta, sannan ya danna. Ya duba ya ga haske ya zauna, falwaya ta fito tar har da tsagar da ke gindinta. Shagon bai ko kalla ba, shagon da ya sani kamar tafin hannunsa.

Ya wanke hoton babba, a takarda mai sheƙi. Yatsunsa sun yi ta ƙaiƙayi a kan wayoyin, amma ya danne zuciyarsa bai goge ko ɗaya ba, har yana jin ya yi wa Yaya wata sadaukarwa. Ya sa a ambulan, ya ce ta huta da gwiwarta, shi zai kai.

A ofishin kamfanin wuta janareta ke ta ruri a bayan gini. Jami'in karɓar koke wani mutum ne mai fara'a, irin fara'ar wanda bai taɓa warware matsalar kowa ba kuma hakan bai taɓa hana shi barci ba. Ya zaro hoton, ya juya bayansa ya buga masa hatimi, ya rubuta lamba, sannan ya juyo da shi ya duba. Ya daɗe yana kallo. Can ya kira abokan aikinsa su zo su gani, yana cewa tun da ya fara aiki bai taɓa ganin falwaya mai lafiya irin wannan ba, ta miƙe sambal, abin a yi alfahari.

"Sai dai wannan ginin," in ji shi, yana ɗora yatsa. "Na wa ne? Akwai mutane a ciki?"

Mai Hoto ya sunkuyo ya duba, a karon farko ya ga hoton nasa gaba ɗaya. Falwaya a tsaye ƙyam. Shagon Yaya ya kwanta gefe guda, ƙofarsa da tagarsa da allonsa duk sun bi shi. Wata mata da ke wucewa da kwando ita ma ta karkace, haka wani keke da aka jingine. Nan ya gane abin da hannunsa ya yi. Ya fara bayani, bakinsa na harɗewa, cewa kuskuren hannu ne, a ba shi hoton ya kawo wani. Jami'in ya janye hoton cikin ladabi. Ya ce abin da ya sha hatimi ya zama na fayil. Kuma shi mutum ne mai tsoron Allah, ba zai ga gini yana shirin faɗa wa dukiyar kamfani ya yi shiru ba, dole ya tura wa hukumar kula da gine-gine. Ofishin da gyaran waya ɗaya kan ɗauke shi damina biyu, ranar ko tashi ba a yi ba takardar ta fita, don babu aikin da ke sauri kamar wanda za a ɗora wa wani.

Da Yaya ta tambaye shi, ya ce an karɓa. Bai dai yi ƙarya ba.

Washegari ya kafa kyamarar a kan ƙafafunta uku, ya daidaita ta da ƙasa, ya ɗauki hotuna ta gaba da ta gefe. A cikinsu shago na tsaye daram, falwaya ta rusuna a kansa yadda kowa ya san ta. Ya koma ofishin da saurinsa. Jami'in ya jera sabon hoto kusa da tsohon, ya ce ga mutum ɗaya, ga falwaya ɗaya, ga magana biyu, wacce za a ɗauka? Sannan ya juyo da wani hoto da ke kan teburinsa: shi ne da 'ya'yansa a ƙofar gidansa, sama a bayansu tas.

"Ka gane wannan aikin?"

"Nawa ne, yallaɓai."

"A ƙofar gidana akwai tiransifoma, girmanta ya kai rabin ɗakin nan. Ina take a nan?" Ya yi murmushi, ba da mugunta ba, har ma da girmamawa. "Mutumin da ya ɓatar da tiransifoma, karkatar da falwaya ne zai gagare shi? Na farkon ka kawo shi ba ka da wata manufa. Wannan kuwa ka kawo shi kana son ceton ginin 'yar'uwarka. Ni ma da ni ne haka zan yi."

Mai Hoto ya roƙi a tura mutum ɗaya ya gani da idonsa, tafiyar ba nisa. Aka tuna masa cewa ba a tura ma'aikata sai da hoton da ke nuna matsala, hoton da ke cikin fayil kuwa bai nuna wata matsala a jikin falwaya ba. Ya ce to maƙwabta za su ɗauka da wayoyinsu na hannu. Aka ce kamfani ba ya karɓar hoton kowa da kowa, sai na mai sana'ar da aka sani, mai sana'ar da aka sani a yankin kuwa shi ne.

Ya fito ya bi gidajen layin ɗaya-ɗaya yana roƙon tsofaffin hotuna, ko za a samu wanda ya nuna falwayar tana sunkuyawa tun da can. Mutane suka sauko masa da na bango, suka zazzage masa akwatuna. Ga ƙofar shagon Yaya a hotuna da yawa, yara sun girma a gabanta, an sayi babura an tsaya a gabanta, amma falwaya ko inuwarta babu. Aikinsa ne duka, kuma ko shi bai iya gane inda hannunsa ya bi ba. A rayuwarsa bai taɓa jin haushin ƙwarewarsa ba sai ranar.

Daga nan ya wuce shagon ya faɗa wa Yaya komai, yana tsaye kamar ɗan makarantar da ya fasa taga. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ci gaba da naɗe wani zare da ya warware.

"Na ce maka kada ka gyara komai."

"Wallahi ban gyara ba, Yaya. Ko waya ɗaya ban taɓa ba."

"Kai ba ka gyara ba," in ji ta. "Hannunka ne bai iya ganin abu yadda yake ya ƙyale shi ba."

Ba a daɗe ba mai duba gine-gine ya iso, kwafin hoton a hannu ɗaya, gwangwanin jan fenti a ɗayan. Ya tsaya a tsallaken titi, daidai inda Mai Hoto ya tsaya, mutanen layi suka taru a bayansa. Mutum ne mai gaskiya gwargwadon iko. Ya ce shi ma yana da ido, babu shakka tsakanin falwayar nan da ginin nan ɗaya ya karkace. Amma falwaya ba hurumin ofishinsa ba ce, masu ita kuma sun tabbatar a rubuce cewa a miƙe take. To in falwaya a miƙe take, wa ya rage? Ya karkatar da kansa a hankali har falwayar ta miƙe a idonsa, ya ce ga shi kuwa, a fili. Mutanen da ke bayansa su ma suka karkatar da kawunansu. Aka samu masu cewa su dama sun daɗe suna zargin ginin, kunya ce ta hana su magana.

Yaya ta shiga ta yanko zare, ta ɗaura makullin shagon a bakinsa, ta riƙe shi a jikin bango. Zaren ya sauka ya kwanta a bangon daga sama har ƙasa. Mai duba gine-gine ya yaba da hikimar, sannan ya tambaya ko hukuma ta tantance wannan zaren. Yaya ta naɗe zarenta.

A nan Mai Hoto ya fizge kwafin hoton ya ɗaga. Ya ce a duba da kyau, ba shagon kaɗai ba ne ya karkace a ciki. Ga katangar mai aski, ga gidan direba, ga benen mai kanti can baya, duk sun kwanta gefe guda. Shin layin gaba ɗaya ne zai faɗi? Ya ɗauka ya kawo hujjar da za ta kashe maganar. Mai duba gine-gine ya karɓi hoton ya matso da shi kusa da idonsa, ya ce lallai wannan magana ce mai muhimmanci, ya kuma girgiza gwangwaninsa don ya ji ko fentin zai isa.

Ba a taɓa ganin layin ya haɗa kai da sauri irin na ranar ba. Mai aski ya damƙi hannun Mai Hoto ya ja shi gefe yana ce masa ya ji tsoron Allah. Mai kanti ya kawo wa baƙon kujera da ruwan sanyi. Direba ya rantse cewa gidansa a miƙe yake, mai hoton ne ya taɓa shi da kwamfuta, kowa ya san halinsa, amma shagon kam tun ana gininsa ya ga alamar. Mutanen da Yaya ta sha ba su allura da zare kyauta, waɗanda ta riƙe wa yara suka je unguwa, suka tsaya a gabanta suna ba da shaida ba tare da sun kalli inda take ba. Mai duba gine-gine ya ce tun da jama'a sun yi ittifaƙi, zai tsaya a kan gini ɗaya. Ya zana jan gicciye a ƙofar, alamar za a rushe, ya yi shi da kyau kuwa.

Mai Hoto ya rufe nasa shagon ya shiga zarya. Hukumar gine-gine ta ce ya kawo takarda daga kamfanin wuta cewa falwayarsu ta karkace. Kamfanin wuta ya ce magana ta bar hannunsa. Ya nemi shugaban sashe aka ce yana taro, ya nemi mataimakinsa aka ce shi ke rubuta abin da ake faɗa a taron. A ko'ina an san shi, a ko'ina ana yi masa maraba, don kusan kowane tebur akwai aikinsa a kai. Wata sakatariya ma ta tambaye shi ko zai iya cire mata surukarta daga wani hoto tun da ga shi ya zo. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai taɓa ji ba, don ya gane ba wanda ke gaba da shi balle ya roƙe shi gafara.

Yaya ba ta jira sakamakon zaryarsa ba. Ta nemo kwalaye ta fara kwashe kaya, zare bisa launinsa, maɓallai bisa girmansu, kamar mai shirin buɗe shago gobe. Ya taya ta ɗauka zuwa barandar gidansa. Ba ta zage shi ba ko sau ɗaya, shi kuwa da ta zage shi da ya fi samun sauƙi.

Katafila ta zo da safe, a kan lokaci. Direbanta ya ɗauka turi ɗaya zai yi ya tafi, amma marigayi bai yi wasa da siminti ba. Ya buga, bangon ya tsaya. Ya ja da baya ya sake bugawa. Ya leƙo ta taga yana mita cewa bai taɓa ganin gini mai shirin faɗuwa da taurin kai irin wannan ba. Mutanen layi suna tsaye nesa, kowa ya harɗe hannu, ba mai karkatar da kai yanzu. Daga ƙarshe bangon gaba ya tsage, rufin ya sulale ya zauna a kan tarkace.

Sai a lokacin aka gane abin da ya riƙe falwayar duk shekarun nan. Wayoyinta a kan ƙarfen bakin rufin suke kwance, shagon ne ke tallafe da ita. Da rufin ya tafi, ta yi ɗan jim kamar mai tunani, sannan ta rusuna a hankali, ta tsinke daga gindi ta kwanta a kan ɓaraguzan, ta janyo wayoyin layin gaba ɗaya suka zube a titi. Ba wanda ya ji ciwo. Babu wuta a lokacin, kamar yadda aka saba, kuma wannan ne alherin da kamfanin ya taɓa yi wa layin.

Ƙura ta lafa. Mai Hoto ya ɗaga kai ya dubi sama. Daga bakin layin har ƙarshensa babu waya ko ɗaya. Sama ta buɗe, shuɗiya, da 'yan gizagizai farare, hasken safiya ya sauko ta gurbin da shagon ya bari ya kwanta a kan titi. Abin da ya shekara da shekaru yana ƙirƙira da kwamfuta, ga shi yau na gaske, ya kuma fi nasa kyau nesa ba kusa ba. Daɗi ya ratsa shi kafin kunya ta iso. Bai san lokacin da kyamarar ta bar ƙirjinsa ta hau fuskarsa ba.

Ta gefen gilashin ya hango Yaya. Tana zaune a kan kwalin ƙarshe a bakin titi, kwaɗon shagon a cinyarta, shi take kallo.

"Ɗauka mana, Auta," ta ce, ba da faɗa ba. "Yau babu abin da ya tare maka."

Bai danna ba. Bai kuma sauke kyamarar ba. Ya bar ta a fuskarsa yana tsaye a tsakiyar titi, ba ya ganin komai ta cikinta, don bai san da wane ido zai dubi yayarsa ba.